Yadda Wutar Lantarki Ta Buɗe Wa Lauyoyi Sabuwar Sana'a

A zamanin NEPA, da wani lauya zai ce ya ƙware a dokar wutar lantarki, da an tambaye shi wa zai ba shi aiki. Hukumar, wadda aka kafa a 1972 bayan haɗe tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar da ke kula da madatsar ruwa ta Kainji, ita ke samar da wuta, ita ke jan ta a manyan layuka, ita ke kawo bil, ita ce kuma wurin kai kuka. Wuƙa da nama duk suna hannunta. Lauyoyinta galibi ba su wuce diyyar filaye da bin bashi da rigimar ma'aikata ba.

Dokar gyaran harkar lantarki da Obasanjo ya sa wa hannu a 2005 ce ta sauya lissafi. Ta kafa NERC a matsayin alƙalin wasa, ta kuma sa aka raba NEPA gida 18: kamfanoni shida masu samar da wuta, ɗaya mai dakonta, 11 masu rarraba ta. Da aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, Kano da Jigawa da Katsina suka koma hannun KEDCO. Abin da a da umarni ne daga ofis zuwa ofis, yanzu ya zama yarjejeniya tsakanin kamfani da kamfani. Mai sayar da iskar gas yana son takarda, banki yana son jingina, kowa yana son lasisi. Duk wannan abincin lauya ne. Ba mamaki da wanda ya shugabanci NERC daga 2010 zuwa 2015, Sam Amadi, lauya ne ba injiniya ba.

Masu biyan kuɗin wuta ma sun samu nasu. Wani lauya a Legas, Toluwani Adebiyi, ya maka NERC a Babbar Kotun Tarayya, kuma a Yulin 2016 kotun ta soke ƙarin kuɗin wutar da aka yi, tana cewa ba a bi ƙa'ida ba. An ɗaukaka ƙara, bil bai sauka ba, amma an ga cewa hukumar ma ana iya tsayar da ita gaban alƙali.

Inda aikin ya fi nuna nauyinsa, a ganina, shi ne wutar sola. A wannan shekarar ta 2016, kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin hasken rana da za su ba da sama da megawat 1,000, yawancinsu a Arewa, har da Kankiya. Rana dai ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya tsayar da su shekara da shekaru shi ne taƙaddama kan farashi, da kuma takardar lamunin da za ta fayyace wa zai biya masu zuba jari idan yarjejeniya ta rushe. Banki ba ya sakin dala kan alkawarin baki. Ƙananan tashoshin ƙauye su ne suka yi gaba, domin ƙa'idar da NERC ta fitar musu a 2016 ta sauƙaƙa hanya: wanda bai wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe shi, daga nan zuwa megawat ɗaya sai ya nemi izini.

A Maris na 2023 Buhari ya amince da gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin dokar lantarkinsu ko a inda babban layin ƙasa ya kai, a Yuni kuma Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Enugu na cikin jihohin farko da suka karɓi ragama daga NERC a 2024. Lauyan da ɗan kasuwa ya kawo wa batun tashar sola a yau, kafin ya rubuta komai sai ya fara tantance ko hukumar Abuja za a nufa ko ta jiha.