Daga Dutse zuwa Jidda: nisan tafiya da awannin da jirgi ke yi a sama

Tsakanin filin jirgin saman Dutse da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,350 idan aka miƙe kai tsaye. Zuwa Madina kuwa, inda ake fara sauke yawancin alhazan Najeriya, nisan ya kusa kilomita 3,500.

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai na gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda bayan sun daidaita a sama. A lissafin takarda wannan bai cika awa huɗu ba, amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudu, ba ya kuma sauka da shi, kuma dole ne ya bi layukan da hukumomin sararin samaniya suka shata. Shi ya sa tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Dawowa takan ɗan fi tsawo a wasu lokuta, gwargwadon yadda iska ke kaɗawa.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta saman Yobe da yankin Tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi da arewacin Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da mahajjatan da suka bi a ƙasa, da ƙafa ko a kan raƙuma, suna shafe watanni har shekaru kafin su isa gaɓar teku a Sawakin. Wasunsu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har yau.

Sudan ɗin ce kuma ta sauya lissafi a zamanin jirgi. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazan shekarar. Tilas jirage suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗi daga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Don haka duk wanda aka faɗa masa awannin tafiya, ya kamata ya tambaya ko ta wace hanya.

Akwai kuma bambancin agogo, wanda ke yawan rikita masu jiran kira a gida. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya bar Dutse da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar a sama, zai sauka da ƙarfe 3 na dare a agogon Jigawa, amma ƙarfe 5 na asuba a agogon Jidda.

An gina filin jirgin Dutse a zamanin Gwamna Sule Lamido, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoban 2014, sannan a 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. Kafin samuwarsa, maniyyacin Kiyawa ko Shuwarin sai ya nufi Kano ta Wudil. Yanzu tafiyar kimanin kilomita 30 ce daga garin Kiyawa zuwa Dutse. Sai dai zaman sansanin alhazai da tantance takardu kan ci lokacin da ya fi na tafiyar kanta, kuma idan jigila ta faɗo a lokacin hunturu, hazo kaɗai na iya tsayar da jirgi a ƙasa yini guda.