Daga Daɓe Zuwa Laminet: Tarihin Ƙasan Ɗaki a Zariya

Ran nan na shiga kasuwar Sabon Gari neman ledar da zan shimfiɗa a ɗakina na haya a Samaru, sai mai kanti ya nuna mini wasu fallaye masu kama da katako, ya ce sunansu laminet. Wannan shi ya sa na waiwayi tarihin ƙasan ɗaki a garin nan.

A da, daɓe aikin mata ne. In za a yi wa amarya jere, sai a yi gayya, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, har ƙasa ta yi tauri da sheƙi. Kakata ta ce a nan ne kishiyoyi kan amayar da abin da ke ransu ta hanyar habaici.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu, baƙi suka zo da ginin siminti. Aka buɗe masana'antarsa a Nkalagu a 1957, ta Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya cika Samaru da gidajen haya, masu gida kuwa siminti suka zaɓa. Daga nan sai leda, sai kafet, sai tayil.

Shi laminet, kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙago shi a 1977. Garin katako ne ake matsewa, a manna masa takarda mai hoton itace, a rufe da roba mai tauri. Ana sarƙa fallayen da juna a kan daɓe mai laushi, ba ƙusa. Yana da sauƙin shara, amma in danshin damina ya shige shi sai ya kumbura.

To, jama'a, mun sami sauƙi, amma mun yi hasara. Birkila ba ya gayya, mai sa laminet ba ya waƙa. Da madaɓi ya yi shiru, waƙoƙin daɓe suka bi shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk mai tsohuwa a gida, ya ɗauki muryarta a hutun nan. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama digiri ba.