Otizim: abin da ya kamata iyaye su sani

A ƙauyukan Arewa, daga Sukukutane zuwa Dogondutsi da Tibiri, yaron da ya kai shekara uku bai yi magana ba, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, galibi akan ce kurma ne, ko kuma iskoki sun taɓa shi. Wani lokaci abin da ke damunsa shi ne otizim, wanda wasu kafofin labarai na Hausa ke kira galahanga.

Mene ne shi?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana shafar magana da cuɗanya da mutane. Ba hauka ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943 a Amurka, bayan ya duba yara 11. Ƙiyasin da hukumar lafiya ta duniya OMS ta bayar ya ce a 2021 mutum 1 cikin 127 na da shi a duniya. An fi gano shi ga yara maza. Gado na taka muhimmiyar rawa. Allurar rigakafi ba ta kawo shi: binciken 1998 da ya yi wannan zargi, mujallar The Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Alamomi

Sukan fara fitowa kafin shekara uku. Yaro ba ya haɗa ido da mutane, ba ya nuna abu da yatsa, yana maimaita motsi ɗaya kamar kaɗa hannu, ƙarar injin niƙa ko hayaniyar kasuwa na firgita shi, ko ya ƙi duk wani abinci sai fura kaɗai. Yaran sun sha bamban: wani ya yi karatu har jami'a, wani kuwa yana buƙatar mataimaki tsawon rayuwa.

Ina za a nufa?

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, tare da katin awon yaro. Tun 2006 doka ta tanadi kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar. Daga nan ana iya tura shi asibitin gundumar Dogondutsi, ko na jaha a Doso, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. A nemi a gwada jinsa, domin sanƙarau na iya kurmantar da yaro, kuma kulawar da kurma ke buƙata daban ce. Farfaɗiya, wadda ta fi yawa ga masu otizim, tana da magani.

A cikin gida

Babu ƙwaya ko sassaƙe da ke warkar da otizim, don haka a yi hattara da masu cin kuɗin iyaye da alƙawarin waraka. Abin da ke taimakawa shi ne tsayayyen lokacin ci da barci, gajerun kalmomi tare da nuni, da yabo duk lokacin da yaro ya koyi wani abu, ko da wanke hannu ne. Duka da ɗauri ƙara tsoro kawai suke yi. Wasu yaran kan fice ba a sani ba, saboda haka a rufe bakin rijiya, a sa ido a kan tabki da damina, a kuma sanar da maƙwabta halin da yaron ke ciki.

Uwa ma na buƙatar hutu. Idan miji da kakanni da 'yan uwa suka karɓe ta na 'yan awoyi, gidan duka ne ke amfana.

Haƙƙinsu

Nijar ta amince da yarjejeniyar MDD kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda ta tanadi shiga lakwal tare da sauran yara. Ranar 2 ga Afrilun kowace shekara ita ce MDD ta ware don wayar da kai kan otizim.