Gigin Tsufa da Tsaron Gida a Ƙasar Mafara

A da, mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su ɗauki gigin tsufa cutar asibiti ba. A gida ake lallaɓa mai shi. Ginin gargajiya ya taimaka ƙwarai. Ƙofa ɗaya ce, ta zaure, inda maza ke zama, don haka da wuya tsoho ya sulale ba a gan shi ba. Tsohuwa kuwa ɗakinta na can ciki, jika na kwana da ita. Abin tsoro shi ne wuta da ruwa: akan rufe bakin rijiya da itace, a fitar da kaskon garwashi kafin barci lokacin hunturu.

Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta tashi ƙauyuka, ta kuma shimfiɗa magudanai a bakin gonaki, sabon haɗari ga mai yawo cikin mantuwa. Gudun hijirar da 'yan bindiga suka jawo ya fi muni, domin tsohon da aka raba da ɗakinsa yakan ƙara rikicewa. Yanzu masu hali kan kai tsofaffinsu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato.