Kunun Kanwa da Cikin Mai Jego a Birnin Zazzau

A gidajen Ƙofar Doka, kamar sauran unguwannin birnin Zazzau, al'ada ta daɗe da raba cimar mace da ta namiji, musamman idan Allah Ya sauki mai ciki lafiya. A da, tun daga ranar haihuwa har arba'in, mai jego ba ta rabuwa da wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun gero wanda aka dama da kanwar da fatake ke kawowa daga Barno, alhali maigida yana kan tuwonsa da furarsa. Hujjar tsofaffi ita ce, kanwa tana wanke ciki, tana kawo ruwan nono, tana korar sanyi.

Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a lokacin da asibitin koyarwarta yake Tudun Wada, sai likitoci suka lura da yawan masu jego da ake kawowa ƙafafu a kumbure, numfashi yana sarƙewa. Biyu daga cikinsu, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata 224, suka bayyana a 1978 cewa ciwon zuciya ne, kuma suka danganta shi da gishirin kanwa da tsananin zafi, waɗanda ke ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta.

Amma fa tunanin magabata, cewa cikin mace yana da hukuncinsa daban, bai faɗi ƙasa banza ba. Masana sun tabbatar cewa hanjin ɗan Adam matattara ce ta ƙananan halittu masu taya shi narkar da abinci. Binciken da aka yi kan matan Finland a 2012 ya nuna waɗannan halittu suna sauyawa yayin goyon ciki, wani kuma a Kanada a 2013 ya nuna cewa, a jikin ɓeraye, na namiji sun saɓa da na mace bayan balaga.

Saboda haka haƙƙi ne a kan malaman Zazzau su yi tahƙiƙi kan abin da kanwa, da nono, da daddawa ke aikatawa a hanjin matanmu, domin ungozoma ta san abin da za ta riƙe da abin da za ta rage, gama kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.