Yadda Mutanen Los Angeles Suka Gyara Dokokin Zaɓensu

A ƙasar Amurka, can yamma a bakin teku, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani babban birni ana ce da shi Los Angeles. Tun shekarar 1889 birnin nan ya ke da kundin dokokinsa, watau littafin da ya nuna yadda za a zaɓi Magajin Gari da 'yan majalisa, da iyakar ikon kowannensu. Amma a zamanin nan ƙuri'ar talaka ba ta da wani nauyi. Kamfanin jirgin ƙasa mai suna Southern Pacific shi ke riƙe da akalar siyasar jihar duka, wanda ya ga dama shi ke shiga majalisa. In mutum ya shiga kuwa, ko ya yi ta ɓarna, ba yadda za a yi da shi sai wa'adinsa ya cika.

To, akwai wani likita a garin, sunansa John Randolph Haynes. Ya zo daga gabas a 1887, ya yi arziki, ga shi kuma da farin jini wurin manyan gari, domin da yawansu shi ke duba su. A 1900 ya kafa ƙungiya don neman a ba jama'a hannu cikin yin doka. Ya yi ta fama har ƙarshen 1902, sa'an nan mutanen gari suka jefa ƙuri'a suka yarda a ƙara abu uku cikin kundin, aka tabbatar da su a 1903.

Na fari, in mutane suna son wata doka majalisa ta ƙi yi, sai su rubuta ta, su bi gida gida suna neman sa hannu. In hannu ya kai adadin da aka yanka, tilas a kawo ta gaban masu zaɓe. Na biyu, dokar da majalisa ta yi ana iya tsai da ita ta wannan hanya, a yi mata ƙuri'ar raba gardama. Na uku shi ne kiranye: jama'a su tuɓe wanda suka zaɓa tun kwanakinsa ba su cika ba. Wannan na ukun shi ne baƙo, don ba wani birnin Amurka da ya riga su sa shi cikin kundinsa.

Ba a daɗe ba aka gwada kaifinsa. A 1904 wani ɗan majalisa, Davenport, yana cikin waɗanda suka ba jaridar Los Angeles Times kwangilar buga sanarwar hukuma, alhali akwai masu yi da araha. Mutanen unguwarsa suka tara hannu, aka sake zaɓe, ya faɗi. A 1909 Magajin Gari Harper ya ga ana shirya masa irin wannan, sai ya sauka da kansa. Da sauran jihar suka ga abin ya yi aiki, a 1911 suka ɗauki dukan ukun.

Amma babban gwaji sai 1938, zamanin Magajin Gari Frank Shaw. Caca da rashawa sun cika gari, 'yan sanda kuwa da saninsu. Wani mai gidan abinci, Clifford Clinton, ya tashi tsaye yana tono. Ana nan sai aka dasa bam a motar wani mai bincike, Harry Raymond. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tsira da raunuka. Da aka bi sawu, sai ga shi wani babban ɗan sanda ne ya shirya abin, aka ɗaure shi. Nan fa haƙuri ya ƙare. Cikin watan Satumba aka tuɓe Shaw, aka zaɓi wani alƙali, Fletcher Bowron.

Abin mamaki, jikokin waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya sai suka daina fita zaɓe. A 2013, ran zaɓen Magajin Gari, cikin mutum huɗu masu rajista da kyar aka sami ɗaya ya je. Masu lura suka ce laifin lokaci ne, don ana yin zaɓen gari shi kaɗai, a shekarar da ba zaɓen Gwamna ba na Shugaban Ƙasa. Waɗansu suka ƙi, suka ce in an gama su, hayaniyar manya za ta danne maganar titi da ruwan famfo, kuma mai kuɗi kaɗai za a ji muryarsa. A ganina maganarsu ba ta banza ba ce. Duk da haka a watan Maris na 2015 aka kawo batun gaban jama'a, 'yan kaɗan ɗin da suka fito suka yarda a gama. Daga 2020 zaɓen majalisar birnin ya koma rana ɗaya da na jiha, Magajin Gari na fari da aka zaɓa bisa sabon tsarin kuwa mace ce, Karen Bass, a 2022.