Bara Mai Kunnen Gida: Jarumin Da Marubutanmu Suka Manta

MAI karatu, ka lura da yadda finafinanmu ke yi da ɗan aikin gida? Ya kawo ruwa, ya yi shirme a yi dariya, a ce masa fita. Alhali a kowane babban gida ba wanda ya fi shi sanin sirri, domin a gabansa ake magana kamar babu kowa a wurin.

Marubutan Turawa sun daɗe da gano wannan. Suna da littattafan binciken kisa da ake ginawa a kan zamanin da, inda bara ne ke bankaɗo gaskiya. A 1993 Emily Brightwell ta fito da Mrs. Jeffries, mai kula da gidan wani sufeton 'yan sanda a Landan, wadda ke warware masa shari'u bai sani ba. A 2003 P.B. Ryan ta kawo Nell Sweeney, 'yar ci-rani daga Ayilan mai rainon 'yar attajirai a Boston. Baƙuwa ce, an raina ta, kuma rainin ne makaminta.

To mu fa? Ai muna da irin wannan mutum, kuma na gaske. Sunansa Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa aka kai Kukawa. Baturen Jamus Overweg ya 'yanta shi, da ya mutu a 1852 sai yaron ya koma hidimar Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. A 1853 suka ratso ƙasar Zamfara ta Zurmi, suka wuce har Timbuktu. A 1855 sai ga Dorugu a Landan! A Ingila ya ba wani fada mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Har yadda Turawa ke zaman cin abinci bai tsere wa idonsa ba. Ya rasu a Kano a 1912. Don Allah, wane mai bincike ya fi wannan yaro ido da kunne?

In kuma Landan ta yi maka nisa, mu dawo gida. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakalori, aikin da ya shafi gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Manoma suka tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta, kuma har yau ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu. Yanzu ka ƙaddara wani kuku ɗan ci-rani daga Nijar a gidan injiniya, yana zuba shayi yana jin abin da manya ke faɗa da dare. Wannan ba labari ba ne?

Ban ce a daina soyayya ba, ni ma ina karantawa. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya fito a 1934 aka mai da shi fim a 1976, ya nuna tun tuni cewa yaron da aka raba da gida zai iya ɗaukar labari sukutum. Dattawan da suka ga Bakalori suna ta ƙarewa. Marubuci, ɗauki biro da rikoda ka je Maradun tun suna da rai.